Tong Baoku da Randar Jiaozi

A ƙauyenmu na bakin kogin Songhua an yi wani mutum, Tong Baoku, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini. Ina jin shekarar da aka kawo mana wutar lantarki ce, ko wadda ta biyo bayanta. 'Yata ta ce ba a kawo ba tukuna, amma ita lokacin tana goye, don haka ba na kafa hujja da ita. Abin da ban manta ba shi ne sanyin shekarar, da kuma bakin Baoku.

Baoku ba mugun mutum ba ne. Ciwonsa guda: duk abin da idonsa ya taɓa gani, to ya iya shi. Ya taɓa tsayawa kusa da mai gyaran agogo a kasuwa, daga ranar ya zama mai gyaran agogo. Nawa agogon har yau yana cikin akwati, kayan cikinsa ƙulle a tsumma.

Matarsa ta rasu shekara biyu ko uku kafin nan. Da zaman kaɗaici ya ishe shi, sai ya sa ido a kan Ge Lamei, wata bazawara mai sayar da awara a ƙarshen layinmu. Ni ya roƙa in je in yi masa magana, saboda na daɗe ina koyarwa a makarantar ƙauyen, kuma mutane suna ganin malamin makaranta ba ya ƙara gishiri. Na ce masa ya tsaya a bakin ƙofa, ni in shiga.

Lamei tana tace waken suya ta saurare ni har na gama. Ta share hannu a jikin zanin aikinta ta ce, "Malam Mu, ba zan ɓoye maka ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina hidimar mutumin da ko ruwa bai iya tafasawa ba. Na binne shi da mutunci, na huta. Ban shirya ɗaukar wani da zai harɗe a gado yana jiran a miƙo masa kwano ba."

Sai ga kan Baoku ya leƙo ta labule.

"Ƙanwata, wai da ni kike? Ni? Tambayi Malam, a duk layin nan wa ya kai ni iya jiaozi?"

Ta dube ni. Ni kuma na dubi waken suya.

"Yaya Tong, ka iya jiaozi?"

"Abin me ne a ciki? A kwaɓa fulawa, a murza ƙullin ya zama fata, a cusa mata naman alade da kabeji, a matse baki, a jefa a tafasasshen ruwa. Shekara talatin uwar yarana tana yi a gabana!"

"A gabanka. Kai kana me?"

"Ina gyara mata."

Lamei ta ce, "To. Ranar kasuwa ta sama, in na tashi daga kasuwa zan biyo ta gidanka. Ka dafa mini na hannunka. In na ci na ƙoshi, Malam ya sa mana rana. In kuwa na kasa ci, kada ka ƙara aiko mini da kowa."

A hanya na ce masa, "Baoku, ka taɓa riƙe sandar murji kuwa?"

"Malam, kai karatu ka sani. Bar mini wannan."

Watan ƙarshe na shekara ne, kowa ya yanka aladensa, ana ta gayyar jiaozi gida-gida: yau a taru a nan, gobe a can, a naɗe wanda zai kai gida har bayan Sabuwar Shekara. A jera su a faifan kara a tsakar gida, in sun daskare sun yi kamar tsakuwa a juye su a randa. Shugabar gayyar layinmu ita ce Gwaggo Nie, mace mai kirki, sai dai harshenta ya fi wuƙarta kaifi. Labari ya kai mata kafin mu kai gida. Ta tare shi a bakin rijiya.

"Baoku, mun sa gidanka jibi. Mu yi maka, mu rufe baki, Lamei ba za ta ji ba."

"Matar Yaya, na gode. Amma ni na yi nazarin aikinku. Ku taru ku goma kuna murza fata ɗaya-ɗaya kamar masu tsintar ƙwarƙwata, rabin yinin gulma ne. Ni kaɗai, kafin rana ta faɗi, zan cika randa."

"Randa? Kwano ɗaya aka ce ka dafa."

"Kwano na yara ne. Sai ta ga randa cike za ta san gidan da za ta shigo."

Gwaggo Nie ta ɗauki guganta. "Ku ji mini mutum! To mu ma za mu zo ɗaukar darasi."

Ranar da ya sa wa aikin, tun da hantsi na ji ana dukan katangata. Na sa rigar auduga na zagaya. Na tarar da shi durƙushe gaban daro, hannayensa biyu sun nutse har gwiwa.

"Malam, zubo mini fulawa kaɗan. Ruwan garin nan ya cika ruwa."

Na zuba. Ya murza, ya murza, ya ce ya yi tauri, in zubo ruwa. Na zuba. Ya ce ya yi ruwa, in zubo fulawa. Ban san sau nawa muka yi haka ba; na dai tuna mun tashi daga daro mun koma bahon wanki, daga bahon wanki muka koma babban bahon da ake wanke alade in an yanka. Da na girgiza buhun na ga babu komai ciki, sai ya ce dama haka ya auna.

Tagar ɗakin ta yi fari fat da ƙanƙara, amma sai na ga 'yan ramuka suna buɗewa a jikinta ɗaya bayan ɗaya. Matan layi ne suke hura mata numfashi, kowace ta buɗe wa idonta ƙofa.

Gwaggo Nie ta ɗaga murya daga waje: "Baoku, gini za ka yi? In bulo ne a turo maka maza!"

"Ku dai ku kalla. Kallo kyauta ne."

Aka zo saran nama. A wajenmu ƙarar sara ado ce. In maƙwabta suka ji wuƙarka ta daɗe tana dukan katako, sun san gidan akwai nama. Baoku ya ɗora rabin aladensa a kututturen sara, ya ɗauki manyan wuƙaƙe biyu, ya buɗe ƙofa duk da sanyin, don ƙarar ta kai ƙarshen layi inda Lamei take. Ya yi ta kiɗa. Naman ya yi laushi tuni, bai daina ba. Kare na bayan gari ma ya amsa masa. Karen wa ne, na manta. Wani ja ne mai guntun wutsiya, yana bin yara makaranta, har na taɓa sa shi a bayan aji don ya fi wasu natsuwa. To, ba shi ne zancen ba.

Da ya kwashe naman sai na ga kututturen ya yi rami kamar turmi.

"Baoku, katakon da ke nan wurin ina ya tafi?"

"Lotsawa ya yi."

"Itace yana lotsawa?"

"In ya ji hannun gwani, yana yi."

Ya tsamo kabeji mai tsami daga randarsa, ya yanka, ya juye a kan naman yana ɗiga.

"A matse shi!" in ji muryoyi uku daga taga. "A matse ruwan!"

"Wannan shi ne kuskurenku na farko," in ji Baoku. "Daɗin duk a ruwan yake, ku kuna zubarwa. Shi ya sa mazanku suke ramewa."

"Nawa mijin ya fi ka wuya!"

"Kumburi ne, matar Yaya."

Ya zuba citta, albasa, man riɗi, gishiri, ya kama juyawa, dama, hagu, dama, hagu.

"Gefe ɗaya ake juyawa, ɗan nema! In ka koma baya haɗin ba ya kamawa!"

"Wa ya kafa dokar? Hagu ba hannu ba ne?"

Haɗin ya kwanta a daro yana sheƙi, in ka taɓa gefen daron sai ya yi igiyar ruwa. Baoku ya ce irin na manyan birane ke nan.

Sannan ya zo kan babbar dabararsa. Maimakon ya gutsuri ƙulli ya murza fata ɗaya-ɗaya, cewa ya yi zai murza guda ɗaya mai faɗin gado, ya bi ta da bakin kofi yana fitar da ƙanana. Wuri mai faɗi a ɗakin kuwa babu kamar kang, gadon ƙasar nan da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa. Ya naɗe bargo, muka cicciɓi ƙullin mu biyu muka kife a kan tabarmar gadon. Sandar murji ta yi masa kaɗan, sai ya cire ƙotar fartanya. Ya hau gadon da gwiwa yana turawa yana nishi.

Abin da bai lissafa ba shi ne tun safe yake ta cusa karan masara a murhu don kada hannunsa ya yi sanyi. Kafin ya kai ƙarshen gadon, ɓangaren da ke kusa da murhu ya fara ƙamshin gurasa. Ɓangaren taga kuma ya manne da tabarma, in ya ɓamɓaro sai fatar ta taso da zanen saƙar tabarmar a jikinta, wata har da 'yan zaruruwan kara.

Gwaggo Nie ta kasa haƙuri, ta shigo har ƙofar ɗaki. Ta ɗauki fata ɗaya ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta yi ƙara.

"Fatar jiaozi, cibiyarta da kauri, bakinta fele-fele. Wannan kuma marfin gwangwani ne."

"Kin ga zanen? Kin taɓa ganin jiaozi mai zane?"

"Na ga gindin yaron da ya kwana a tabarma ba wando. Irinsa ke nan. Baoku, bar girman kai, mu goma muna nan waje. Ba don kai ba, don fulawar."

"Matar Yaya, ƙofar da kika shigo tana nan ba ta tashi ba."

Ta fita tana tafa hannu.

Ya zuba haɗi a fatar farko, ya ninke, ya matse baki. Ta buɗe. Ya sake matsewa, ta sake buɗewa, kamar mai shirin yin magana. Ya shafa ruwa, ya shafa miyau da ya ga kamar ba na kallo, duk a banza; busasshiyar fata ba ta kama 'yar'uwarta. Ya zauna ya yi tagumi kaɗan, sai idonsa ya faɗa kan kwandon ɗinkin marigayiya.

"Malam, idonka ya fi nawa. Zura mini zare."

"Baoku, jiaozi ne fa."

"Abin da ya ƙi rufuwa ai ɗinke shi ake yi. Ɗauko jan, ja sa'a ne."

Na zura masa. A gaskiya ɗinkinsa bai yi muni ba. Busassun ya ɗinke, masu danshin ya murɗe musu wuya kamar ƙunshin magani, waɗanda suka yage ya liƙa musu faci. Wasu sun yi kama da kunne, wasu da takalmin jariri, akwai ɗaya da na rantse da kabarin mahaifina ta yi kama da shugaban ƙauyenmu na lokacin, har da haɓar.

Rana ta yi ƙasa, ga su tuli guda, faifansa kuwa biyu ne kacal. Wata ta ce daga katanga za ta ara masa nata.

"Wannan shi ne kuskurenku na ƙarshe," in ji shi. "Ku jera a faifai, ku jira, ku kwashe, ku zuba a randa. Aiki biyu! Sanyin faifai da sanyin randa ba sanyi ɗaya ba ne?"

Ya yi ta ɗiba da daro yana juyewa a babbar randar da ke tsakar gida, da ɗuminsu, da ruwan kabejin da ke tsiyaya daga ɗinki. Da suka kusa baki ya danna da tafin hannu don saura su samu wuri. Ya rufe, ya ɗaure marfin da igiya, ya ɗora dutse, wai saboda karnuka da matan layi. Ya juyo wajen katanga ya sunkuya kamar ɗan wasan da ya gama rawa.

Kwanakin da suka rage bai buɗe randar ba. Ba shi da lokaci. Yana yawo gida-gida yana gayyatar mutane su zo su ga yadda ake neman aure da hannu. Ya aske gashi, ya sayi sabon takalmi mai santsin ƙasa.

Ranar kasuwa da la'asar tsakar gidansa ta cika, har kan katanga. Lamei ta iso tana tura baronta da ragowar awara, ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta shigo ta zauna a bencin da ya shimfiɗa wa bargo. Ruwa yana tafasa a babbar tukunya, an daka tafarnuwa da ruwan tsami.

"Ƙanwata, nawa za ki ci? Kada ki ji kunya, randa ce guda."

"Fara kawo abin da ya samu, Yaya Tong."

Ya sauke dutse, ya kwance igiya, ya ɗaga marfi, ya zura kwano da ƙarfinsa. Sai muka ji ƙwal! Kwanon ya dawo da lanƙwasasshen baki.

Ya leƙa. Ya sa yatsa ya taɓa. Ya ɗago yana murmushin da bai kai ido ba.

"Sun daskare da kyau. Kun ga abin da nake faɗa."

"To ɗebo mana," in ji Gwaggo Nie.

Ya gwada da ludayi, ya gwada da wuƙa, ya aika a karɓo masa kurfi da guduma wajen kafinta. Abin da ya fito bai fi cikin cokali ba. Wani daga katanga ya ce, "Yaya Tong, ko mu dawo da bazara?" Aka kwashe da dariya. Baoku ya shiga ɗaki a fusace, ya fito da bokitin tafasasshen ruwa.

"Kada ka zuba!" in ji kowa.

Ya zuba. Randar ta yi wata ƙara kamar an harba bindiga, ta rabe biyu, kowane ɓari ya kwanta gefe. Abin da ke ciki ya tsaya cak a tsakiyar fili, siffar randa sak, kamar randar ce ta tuɓe riga. Fari-fari, da kunnuwan jiaozi sun ɗan leƙo ta ko'ina, da jan zare yana reto.

Ni dai ban taɓa ganin abu irinsa ba, kuma na yi tafiye-tafiye. Na je har birnin Harbin sau ɗaya, ko sau biyu ne, da aka kai mu wani taro. To, ko a can ban gani ba.

Baoku ya gyara murya. "Jama'a, kowa yana iya yin ƙanana. Wa ya taɓa yin guda ɗaya da zai ciyar da gida wata uku?"

Yana faɗa ya jingina da shi da gwiwar hannu, ya harɗe ƙafa. Ruwan da ya zuba kuwa ya riga ya zama gilashi a ƙasa, kuma tsakar gidansa gangare ne zuwa ƙofa. Dunƙulen ya karkata, ya kwanta, ya fara mirginawa a hankali kamar mai tunani, sannan ya yanke shawara. Mutane suka dare. Ya fita ta ƙofa, ya daki baron Lamei, awara ta watse a titi, ya karya kwana ya kama gangaren kogi.

"Ku tare! Ku tare mini aurena!"

Baoku ya bi shi da sabon takalmi. Taku uku ya yi da ƙafa, sauran hanyar da mazaunai ya yi ta. Karnukan layi suka bi bayansa, mu kuma muka bi bayan karnuka.

A kan kogin akwai Tsoho Dong, zaune a kujerarsa gaban ramin da ya fasa a ƙanƙara yana kamun kifi. Kurma ne kaɗan, bai ji ihun ba. Dunƙulen ya sauko, ya zame a kan ƙanƙara, ya wuce ta gefen gwiwarsa, ya zauna daram a bakin ramin kamar toshiyar kwalba. Baoku ya iso a kwance ya rungume shi.

Tsoho Dong ya daɗe yana kallonsu su biyun.

"Wannan nawa ne," in ji shi. "A ramina ya faɗa."

"Kawu, abincina ne!"

"Me ka ce?"

"Na ce jiaozi ne!"

Tsohon ya matso, ya shinshina, ya ja wani jan zare ya ga ya ƙi ƙarewa. "A'a. Ɗauki abinka. Kada ka kashe mini kifi."

Da keken shanu mai zamewa a kan ƙanƙara, wanda muke jan itace da shi, aka dawo da dunƙulen, yara suna waƙa a baya. Lamei tana nan zaune inda muka bar ta; ta tsince awararta ta jera a baro, ta dawo ta zauna.

"Yaya Tong, har yanzu ban ci komai ba."

Ya ɗauko gatari ya sare wani ɓari kamar kan ɗan maraƙi, ya jefa a tukunya. Duk da haka bakin bai mutu ba. Yana tsaye yana bayyana wa jama'a cewa in ta tafaso sai a kwantar da ita da ruwan sanyi har sau uku. Wannan kam gaskiya ya faɗa, shi kaɗai ne abin da ya faɗa daidai a makon. Sai dai babu abin da ya taso sama. Wajen ya narke ya zama fate, tsakiyar kuma da ya fasa ta da ludayi ƙanƙara ce. Ya tsame abin da ya fi kama da abinci ya kawo mata da hannu biyu.

Ta ajiye tsinken cin abinci, ta nemi cokali. Ta kai baki. Ta tauna. Sai ta sa yatsa biyu ta kamo wani abu a leɓenta ta fara ja. Jan zare ne. Ta ja, ta ja, tana naɗe shi a yatsa kamar mai shirin saƙa, jama'a suna bin hannunta da ido. Da ya ƙare ta ajiye shi a gefen benci. Ta sake kai cokali na biyu, wani abu ya yi ƙaras. Ta fito da shi ta duba: ɓarin kututture ne.

"Fulawar buhu guda ce?"

"Eh, buhu ne."

"Naman fa?"

"Rabin alade."

"Yaya Tong, ina yarinya na ci ɓawon itace, amma saboda babu ne. Kai ga fulawa, ga nama, ka sake ba ni itace." Ta ajiye kwanon. "Na kasa ci. Malam shaida ne kan abin da muka yi."

Ta miƙe. Na jira in ji abin da Baoku zai ce, don ban taɓa ganin an rufe masa baki ba. Ya tsaya da ludayi a hannu, wandonsa ya yage ta baya, auduga tana leƙowa. Har dariyar katanga ta mutu. Sai da ta kai bakin ƙofa ya yi magana, a hankali, ba da muryar da muka saba ji ba.

"Ƙanwata, ban iya ba. Gidan ne ya yi mini girma."

Lamei ta tsaya riƙe da hannun baro. Ta dubi shi, ta dubi dunƙulen da ke kan keke.

"Wancan fa, ya za ka yi da shi?"

"In ba karnuka."

"Ka ba wa? Abincin wata uku?" Ta saki baron. "Ji nan. Ba a zubar da hatsi a gabana. Ka cinye shi, kai kaɗai. Ba kare, ba alade, ba maƙwabci. In ka gama da shi kafin ƙanƙara ta saki ya lalace, ka turo Malam. Mutumin da ya zauna ya cinye ɓarnarsa, ina iya zama da shi. Matar Yaya Nie, ki sa mini ido."

"Ido biyu ma," in ji Gwaggo Nie. "Dama ba ni da aiki bayan Sabuwar Shekara."

Tun daga ranar, kowace safiya ƙarar gatari ke tashe ni. Da Sabuwar Shekara ta zo, kowane gida yana cin jiaozi mai kyau, Baoku yana shan fatensa yana tofar da itace. Ya soya shi, ya gasa shi, ya turara shi, ya ce kowanne da irin daɗinsa. Sau ɗaya ya miƙo mini kwano ta kan katanga yana raɗa, sai muka ji tarin Gwaggo Nie daga wancan gefen. Ya ce nuna mini kawai yake yi. Da rana ta fara zafi ya ja abin zuwa inuwar bayan ɗaki ya lulluɓe shi da ciyawa, ya koma ci sau huɗu a yini. Ana cikin haka indararo suka fara ɗiga, shi kuma yana leƙa sama yana zagin rana.

Ranar da ƙanƙarar kogi ta fara tsagewa ya shigo gidana riƙe da ciki, ya kasa zama, ya kasa tsayuwa.

"Malam, je ka gaya mata."

Gwaggo Nie ta bincika bayan ɗaki, ta tona ciyawa, ta duba cikin karnukan layi ta ga ba wanda ya yi ƙiba, sannan ta yarda.

Aka yi biki bayan shuka, ko kafin shuka; akwai dai laka a hanya. Rigar angon ta ƙi haɗuwa a ciki, aka bar maɓallan ƙasa a buɗe. Da aka zauna cin abinci, Lamei ta fito da babban faranti na jiaozin hannunta, ƙanana, farare, bakinsu a tsare kamar haƙoran mataji, suna tururi. Ta ajiye a gabansa. Baoku ya kalle su, fuskarsa ta canja launi. Ya ce ko akwai kunun masara. Ta ce babu.

Ya ɗauki ɗaya, ya tsoma a tafarnuwa, ya rufe ido ya ciza. Ya daɗe yana taunawa. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku. Sannan ya karkato wajena, ya rage murya, sai dai Baoku ko raɗa ya yi ana ji a bakin rijiya.

"Malam, ba laifi. Da dai ta tambaye ni, fatar ta ɗan yi kauri."

Lamei tana bayansa da butar shayi.

"Me ka ce, Yaya Tong? Akwai sauran fulawa a ɗaki in kana so ka nuna mini."

Baoku ya jawo farantin gabansa da hannu biyu.

"Cewa na yi a ƙaro tafarnuwa."